Shin makirfo da kyamara suna ɓata wasannin Girkawa da Romawa?

Baban Zainab: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, ina so masana dandali na wannan zaure su taya ni duba ta. Duk bidiyon da zan buɗe na yadda Turawan yau ke shirya wasannin Girkawan dā, sai in tarar allon majigi ya cinye bango, 'yan wasa da makirfo manne a kumatu, wani yana bin su da kyamara a kafaɗa. Ni dai a wurina wannan ɓarna ce. Manyan marubutansu, Eskilus da Sofokilis da Yuripidis, sun rubuta wasanninsu ne don muryar ɗan Adam, a fili, da hasken rana, a gangaren dutsen Akurofolis na birnin Atina. 'Yan wasa 3 ne kacal, sai 'yan amshi 12 da daga baya suka koma 15, sai mai busa. Da wannan kaɗai suka sa dubban mutane hawaye. Aristotal, masanin falsafar Girka, ma ya ce abin da ido ke gani a dandali shi ne mafi nisa da fasahar marubuci, aikin mai haɗa kaya ne, kuma wasa mai kyau zai girgiza mutum ko da karanta shi kawai ya yi. To me ya kawo na'ura cikin lamarin?

Anti Rabi: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Na'ura ai ba baƙuwa ba ce a wannan dandali, Girkawan da kansu suka shigo da ita. A bayan filin da 'yan amshi ke rawa akwai ɗakin katako mai babbar ƙofa a tsakiya, shi ne yake zama fada ko ɗakin bauta ko kogo. A bayan ɗakin kuma akwai abin da suke kira mekane: doguwar sanda a kan madogari, da nauyi a gindinta, da igiya a bakinta, tamkar jigon da masu lambu ke jan ruwa da shi, sai dai wannan mutum yake ɗagawa. Da shi ake ɗauko ɗan wasa a tsallake rufin ɗakin da shi, a tsayar da shi a sama a matsayin ɗaya daga cikin allolinsu. Na biyu kuma ekikilema, wato faffaɗan katako mai ƙafafu da ake turowa ta ƙofar nan. Al'adarsu ba a cika yin kisa a gaban jama'a ba. Sai a ji ihu daga ciki, ko manzo ya fito ya ba da labari, daga nan a buɗe ƙofa a turo katakon da gawarwaki a kai. Mutum yana zaune can saman gangare ba zai iya leƙa cikin ɗaki mai duhu ba, don haka sai aka fito masa da cikin ɗakin waje.

Kuma Baba, ɗakin katakon nan shi kansa sabon abu ne a zamaninsa. Wasan Farisawa na Eskilus, na shekarar 472 kafin Miladiyya, wanda ya fi duk waɗanda suka rage mana tsufa, ba ya dogara da ƙofa. Amma a 458, da ya kawo labarin Agamemnon, wasan yana buɗewa ne da mai gadi a kan rufi, kuma komai na wasan yana rataye da wannan ƙofa: wa zai shiga, wa ke tsare ta, me za a gani in ta buɗe. Sabon gini ya ba shi sabon salon rubutu.

Baban Zainab: 'Yata, na san da mekane. Ai ita ce Aristotal ya soka. Ya ce warwarar labari ta fito daga cikin labarin, ba a sauko da ita daga sama ba, har ya kawo misali da wasan Mediya na Yuripidis, labarin matar da ta kashe 'ya'yanta don ta rama wa mijinta Jason. Horas, mawaƙin Roma, ma ya maimaita gargaɗin.

Anti Rabi: Ya soka, gaskiya ne. Amma an haifi Aristotal a 384, shekara 22 bayan mutuwar Yuripidis, kuma shi mai nazarin tsarin labari ne. Ni kuwa ina kallon abin daga kujerar ɗan kallo na shekarar 431, ranar da aka fara nuna Mediya. An ji kukan yaran daga cikin gida. Jason ya iso a guje, yana ta dukan ƙofa, yana cewa a buɗe. Duk wanda ya saba kallon wasa a Atina idonsa na kan ƙofar nan, yana jiran a turo katako da gawar yara biyu. Sai murya ta fito daga sama. Ga Mediya a kan karusar da kakanta Rana ya ba ta, gawarwakin na tare da ita, a wurin da aka saba ganin alloli kaɗai. Yuripidis ya yi amfani da sabon mutane da na'ura ɗaya ya yaudare su, sannan ya buge su da ɗayar. Matar da ta kashe 'ya'yanta ba a hukunta ta ba, tana sama, mijin yana ƙasa yana roƙon ko taɓa jikin yaran a bar shi ya yi, ta hana. Wannan tsayin shi ne ma'anar wasan. In ka cire sandar nan ka cire abin da ya fi komai tayar da hankali a cikinsa.

Ɗalibar Samaru: Anti, don Allah tambaya. Malaminmu ya ce rubuce-rubucen da suka iso mana kusan babu umarnin dandali a cikinsu, maganar 'yan wasa ce zalla. To ta yaya aka san an ɗaga mutum da sanda?

Anti Rabi: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Masu barkwanci ne suka tona asiri. Aristofanis yana da wasa mai suna Zaman Lafiya, na shekarar 421, inda wani manomi ya gaji da yaƙi ya hau ƙaton buzuzu zai tafi sama ya kai ƙara wurin Ziyus, shugaban allolinsu. Yana tsakiyar tashi sai ɗan wasan ya bar labarin ya yi wa mai jan igiya magana kai tsaye, ya ce ya kula da shi don cikinsa ya fara juyawa. A wani wasan nasa na 425, an je neman Yuripidis a gida yana rubutu, ya ce ba shi da lokacin fitowa, aka ce to a turo shi a kan katako, aka kuwa turo shi. Ba a yi wa mutane ba'a da abin da ba su sani ba. Sai kuma zane-zanen jikin tukwane, da abin da marubutan baya irin su Folukus suka tara, wanda har na'urar kwaikwayon tsawa ya ambata.

Injiniya Bala: Ni sana'ata sauti ce, don haka bari in shigo ta nan. Ginin kansa ai na'ura ne. Dandalin Efidaurus da ke ƙasar Girka yana da layin kujeru 55, yana ɗaukar mutum wajen 14,000. A 2007 masu bincike a jami'ar Georgia Tech ta Amurka, Nico Declercq da Cindy Dekeyser, sun nuna cewa jerin matakalan dutsen suna tace sauti: suna danne ƙananan amo masu kauri irin na iska da gunagunin taro, suna barin siraran da ke ɗauke da harafin magana su wuce. Ga kuma daɓen fili mai tauri a gaban ɗan wasa, wanda ke mayar da muryarsa sama nan take, ta haɗu da ta farko ta ƙara mata ƙarfi. Gangaren ma yana da tsayi yadda kan na gabanka ba zai tare maka sauti ba.

Baban Zainab: Madalla Injiniya. Ka ga ke nan ba su buƙaci lasifika ba. An ce ko kwabo aka yar a tsakiyar filin, na layin ƙarshe zai ji.

Injiniya Bala: Ranka ya daɗe, wannan zancen masu yi wa baƙi jagora ne. A 2017 wata tawaga daga jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan ta fitar da sakamakon awon da ta yi a Efidaurus da Argos da dandalin Herodis na Atina. Abin da suka samu shi ne, raɗa da ƙarar kwabo ba sa isa saman a yadda za a gane su. Muryar da aka ɗaga sosai ita ce ke kaiwa ko'ina. Wato ginin yana taimakon wanda ya horar da ƙirjinsa, ba ya yi wa kowa aikin. Abu na biyu, an gina Efidaurus ne a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, bayan Sofokilis da Yuripidis sun mutu a 406. A zamaninsu yawancin mutanen Atina a kan bencin katako da ƙasar gangare suke zama. Kujerun dutse na dandalin Diyonisus, wato na Atina, sai wajen shekarun 330.

Kuma su ma sun nemi dabarar gyara sauti. Bitrubiyus, maginin Roma, ya bayyana yadda ake jera tulunan tagulla a kife cikin ramuka ƙarƙashin kujeru, kowanne an daidaita shi da wani amo, don su amsa muryar mai waƙa. Ya ce da Mummiyus, sarkin yaƙin Roma, ya rushe birnin Korinti ya kwashe irin waɗannan tuluna ya kai Roma, kuma ƙananan garuruwa da ba su da kuɗin tagulla da tulun ƙasa suke yi. Mutumin da ya binne tagulla a ƙarƙashin kujera don murya ta ƙaru, ban ga alamar zai ƙi makirfo don tsarki ba.

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ni zan tsaya bayan Baba, amma da hujjar Romawa, don su ne suka nuna inda hanyar nan ke kaiwa. A 55 kafin Miladiyya Pompi ya buɗe dandalin dutse na farko a birnin Roma. Sisero, mashahurin marubucin Roma, yana wurin, ya rubuta wa abokinsa Mariyus wasiƙa yana tambaya wane daɗi ke cikin ganin alfadarai 600 a wasan Kilitemnestira, ko manyan kwanuka 3,000 a wasan Dokin Turoi. Shekara 3 kafin nan Sikaurus ya gina dandalin wucin gadi mai hawa 3 da ginshiƙai 360, hawan ƙasa na marmara, na tsakiya na gilashi, na sama na katako mai ruwan zinariya, kamar yadda marubuci Filini ya ruwaito. Sai Kuriyo, wajen 52, da ya rasa kuɗin yin gasa da wannan, ya sa aka ƙera dandali biyu na katako a kan madogari. Da safe suna juya wa juna baya ana wasa a kowanne, da yamma a juyo su su haɗe su zama zagaye don 'yan takobi. Filini ya ce har da mutane zaune a kai aka riƙa juya su, kuma ya yi tir da jama'ar da ta yarda ta ɗora ranta a kan ƙusa biyu.

Horas ya faɗi abin a fili: daɗin ya tashi daga kunne ya koma ido. Labulensu ƙasa ake sauke shi cikin rami in za a fara, a ɗaga shi in an gama. Ya ce sai labule ya yi awa 4 ko fi a ƙasa ana ta jerin dawakai da karusai da ganima. A zamanin sarki Nero, marubucin tarihi Suwetoniyus ya ce an yi wasan Gobara aka cinna wa gida wuta da gaske, aka bar 'yan wasa su riƙe kayan da suka iya cetowa. A wani wasan kuma wanda ya fito a matsayin Ikarus, yaron tatsuniya mai tashi da fikafikai, ya faɗo tun tashin farko kusa da mazaunin sarki, har jininsa ya fantsama wa Nero.

Maman Walid: Innalillahi. Wato jinin mutum ne ya zuba don a burge 'yan kallo. Ni wannan ya fi komai tsaya mini a rai cikin duk abin da aka faɗa.

Anti Rabi: Abin takaici ne ƙwarai, Maman Walid. Amma Malam na Maraɗi, a duba wanda ke biyan kuɗin. Pompi da Sikaurus da Kuriyo 'yan siyasa ne masu neman farin jini, alfadaran nan tallar ganimar yaƙi ce. Kuma tun kafin na'urorin nan jama'ar Roma na guje wa magana mai nauyi. Terens, haifaffen Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, sau biyu taro na watse masa a wasansa na Suruka: a 165 saboda 'yan dambe da mai tafiya kan igiya, a 160 saboda an ji ƙishin-ƙishin za a kawo 'yan takobi. A lokacin kuwa dandalin katako ne da ake kafawa a cire bayan biki.

Kuma ba duk fasahar Romawa ce hayaniya ba. Su ne suka iya ɗora kujeru a kan bakuna da kankare, suka daina dogara da gangaren dutse, shi ya sa dandali ya shiga tsakiyar gari. Suka haɗe bangon baya da kujeru ya zama gida ɗaya rufaffe, sauti ba ya zubewa. Bangon Oranj a kudancin Faransa tsawonsa mita 103, tsayinsa 37, yana nan tsaye, har yau ana waƙa a gabansa. Akwai na Asfendos a Turkiyya, da Sabrata a Libiya, da Dugga a Tunisiya. Suka kuma shimfiɗa rumfar yadi a sama don rana. Mawaƙinsu Lukretiyus ya kwatanta yadda rumfunan rawaya da ja ke rina fuskokin taro da dandali baki ɗaya da launinsu. Wannan ai shi ne hasken launi na farko a tarihin dandali.

Mai Kyamara: Jama'a ku ba ni dama, don ni ne Baba ya fi nufi. Shekaru ina ɗaukar fim, kuma abin da zan faɗa zai yi wa Baba daɗi rabi. Na'urar Girkawa mafi girma ba sanda ba ce, fuskar aro ce. Da lilin mai tauri ko ɓawon itace ko katako ake yin ta, tana rufe kai gaba ɗaya har gashi. Ita ta sa maza 3 ke iya ɗaukar duk matsayin da ke wasa, mace da tsoho da sarki da bawa. Masana da yawa na ganin a wasan Matan Tarakis na Sofokilis mutum ɗaya ne ya fito a Diyanira sannan ya dawo a mijinta Herakilis da ta halaka, wato murya ɗaya ce ta mai kisa da ta wanda aka kashe. Fuskar aro an yi ta ne don nesa. Ba ta motsi, shi ya sa marubucin ke sa wa mutum a baki cewa ga shi yana kuka, ko ga wance ta sunkuyar da kai. Kalmomin su ne ke kawo fuskar kusa.

Kyamara kuwa don kusa aka yi ta. In na cika allo da idon 'yar wasa, hawaye ya gangaro, sannan ta buɗe baki ta ce tana kuka, maganar ta zama maimaici. Dogon jawabin manzo, wanda shi ne zuciyar wasannin nan, sai ya yi nauyi, don ɗan kallo ya saba in akwai allo a nuna masa. A nan ne nake ganin ake samun karo na gaskiya.

Baban Zainab: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Shi ya sa nake girmama abin da Peter Hall ya yi a Landan a 1981. Ya shirya Orestiya, jerin wasanni uku na Eskilus da suka fara da Agamemnon, da maza zalla, kowa da cikakkiyar fuskar aro da Jocelyn Herbert ta ƙera, a zauren Olivier wanda dama da siffar Efidaurus aka zana shi. A 1982 suka kai wasan Efidaurus ɗin kansa. Ga shaida cewa ana iyawa.

Mai Kyamara: Ana iyawa Baba. Amma ni da kai ta ina muka san wannan aiki? Ta kyamarar da ta ɗauke shi don talabijin. Kuma wanda ya kalla zai lura cewa in aka matso da hoto kusa, fuskar sai ta zama abu busasshe, in aka ja baya aka haɗa da jiki da 'yan amshi sai ta rayu. Wannan ya tabbatar da maganata ta ɗazu.

Sai dai akwai masu amfani da kyamara da hankali. Simon Stone ya shirya Mediya a Amsterdam a 2014, ya sake ta a New York a 2020. Dandali fari fat, babu komai. Ya sake rubuta labarin ya zama na zamani, ya ba yaran kyamara suna ɗaukar iyayensu, hoton na fita a babban allo a sama. Ba shi da 'yan amshi, sai allon ya karɓi aikinsu na masu gani da ba su iya hana komai. Kuma da yake yaran ne ke riƙe da kyamarar, kana kallon gidan da idon waɗanda za a kashe. Wannan ba ado ba ne.

Anti Rabi: Ga inda ni abin ke damuna, kuma shi ne amsata ga Baba. Matsalar masu shirya wasa na yau ba yawan na'ura ba ce, zaɓen na'urar ne. Muna da injin ɗaga kaya da Yuripidis bai taɓa mafarkinsa ba, amma kunyar amfani da shi muke ji. A shirin Deborah Warner da Fiona Shaw na farkon shekarun 2000 babu karusa, Mediya da Jason a ƙasa suka ƙare, a bakin wani ɗan tafki. A na Carrie Cracknell na 2014 a Landan, Helen McCrory ta ɗauki gawarwakin cikin jakunkunan barci ta fita da su da ƙafarta. Ayyuka ne masu ƙarfi, ban raina su ba. Amma dukansu sun mayar da Mediya mace mai ciwon zuciya da za mu tausaya wa mu fahimta. Kyamara da makirfo suna jan mu cikin ƙwaƙwalwar mutum ɗaya. Sandar Girkawa tana yin akasin haka, tana fizge mutum daga cikinmu ta kai shi inda hankalinmu da shari'armu ba sa kaiwa.

Wanda ya riƙe wannan shi ne Yukio Ninagawa na Japan. Ya fara shirya Mediya a 1978 da maza zalla, kuma da ya kai ta Edinbura a 1986, a farfajiyar jami'a, inji ne ya ɗaga karusar cikin duhun dare a kan mutane. Ya yi amfani da ƙarfen zamani ya yi abin da marubucin ya nufa.

Ɗalibar Samaru: Ni kuma abin da na lura da shi fitila ce. A ƙauyen wasan kwaikwayo na jami'armu a Samaru, ginin ƙasa ne, sama a buɗe, mutane kewaye da 'yan wasa. In aka yi wasa da sauran haske, kana ganin fuskar wanda ke zaune ɗaya gefen, in ya girgiza kai ka gani. Da muka karanta yadda Ola Rotimi ya ɗauko labarin sarki Idifus na Sofokilis ya mayar da shi ƙasar Yarbawa a 1968, na ga wasan cike yake da jama'ar gari da ke zuwa ƙofar fada da kukansu. Irin wannan wasa in ka kashe fitilar zaure ka bar haske a kan sarki kaɗai, jama'ar sun ɓace.

Anti Rabi: Kin taɓo babban abu. Mutanen Atina da safe suke fara kallo, suna ganin juna, suna ganin manyan gari a layin gaba. In 'yan amshi suka yi maganar birni, birnin na zaune a wurin. Zaman 'yan kallo cikin duhu al'adar ƙarni na 19 ce, mai tsara kiɗa Wagner ya ƙarfafa ta a Bayreuth ta Jamus a 1876, wutar lantarki ta zo ta tabbatar da ita. Yau a Efidaurus da dare ake wasa ƙarƙashin fitilu. A Sirakusa ta Sisili kuwa, inda ake shirya wasannin nan tun 1914, ana farawa ne kafin faɗuwar rana, duhu ya riski labarin a hanya.

Injiniya Bala: Game da makirfo, ga illarsa ta fuskar aikina. In mutum 15 na magana a fili ba na'ura, kunnenka na sanin daga ina kowace murya ta fito. In na sa musu makirfo duka na tura cikin lasifika biyu, sun zama murya ɗaya daga akwati. Na taɓa yi wa wasu ɗalibai sauti a wani zaure, wuta ta ɗauke ana tsakiyar waƙar 'yan amshi, suka ci gaba da bakinsu, mutane suka yi tsit suka matso gaba. Bayan an tashi kowa wannan wurin yake yabo. Amma a zauren da fanka ke kaɗawa, janareta na ruri a bayan taga, ba zan ce wa yarinya mai ƙaramar murya ta yi ta ihu har ta dishe ba. Akwai tsarin da ake jera ƙananan lasifikoki da yawa a jinkirta sautin kaɗan, yadda kunne zai fara jin muryar daga bakin mai ita. Yana da tsada da wahalar saiti, amma shi ne daidai.

Ɗan Maraɗi: Akwai fasahar da ba a ambata ba, wadda ba don ita ba da babu wannan muhawara. Sofokilis ya rubuta wasa sama da 120, guda 7 suka iso mana cikakku. Abin da ya tsira, hannun masu kwafi ne ya tsirar da shi, daga fafirus, takardar dā da ake yi da wata ciyawar Masar, zuwa fata, har Aldus Manutiyus ya buga Sofokilis a Benis a 1502, Yuripidis a 1503. Menanda kuwa, marubucin barkwancin Girka wanda Romawa Filautus da Terens suka riƙa ɗebo labari daga wurinsa, kusan sunansa da guntayen baituka kaɗai aka sani sai da yashin Masar ya fara fito da takardunsa. Wasansa na Mai Baƙin Rai sai 1958 aka buga shi. Wani tsohon kwafin Filautus an kankare shi an rubuta wani littafi a kai, Angelo Mai ya gano shi a Milan a 1815, ya zuba masa sinadari don tsohon rubutun ya fito, sinadarin ya lalata shafukan. Yau da kyamarar da ke ɗaukar hasken da ido ba ya gani ake karanta irin waɗannan ba tare da an taɓa su ba. Ko a 2022 an tono fafirus a Filadelfiya ta Masar mai ɗauke da baituka kusan 100 daga ɓatattun wasanni biyu na Yuripidis.

Sannan a Yulin 2020, lokacin korona, an watsa Farisawa kai tsaye daga Efidaurus ta intanet. Wanda ke Maraɗi ko Zinder da waya a hannu ya samu abin da dā sai mai kuɗin jirgi.

Baban Zainab: Ajiye rubutu da isar da shi ga na nesa, ban taɓa jayayya da su ba. Kuma sandar Mediya na karɓe ta, don tana cikin ginin wasan. Inda nake tsaye har yanzu shi ne nuna abin da marubuci ya ɓoye. Robert Icke, da ya shirya Orestiya a Landan a 2015, ya kawo kisan Ifijiniya 'yar Agamemnon gaban jama'a, uba na ba 'yarsa magani ta sha, agogon lantarki na nuna lokacin da ta cika. Eskilus kuwa a bakin dattawan amshi ya sa labarin, suka kai daidai wurin yankan suka ce abin da ya biyo baya ba su gani ba, ba za su faɗa ba. Ni wannan shirun ya fi mini kowane allo nauyi.

Mai Kyamara: Wannan kuma zaɓin darekta ne Baba, ba na'ura ta tilasta shi ba. Ni da za a ba ni wannan wurin, kyamarar a kan dattawan zan bar ta.

Ɗalibar Samaru: To Anti, in ajinmu zai yi Mediya, ba mu da inji ba mu da kuɗi, ya za mu yi da ƙarshen?

Anti Rabi: Ku nemi tsayi ko ta halin ƙaƙa. Rufin ɗaki, katanga, ko dandamalin ƙarfe irin na magina da aka rufe da baƙin yadi tun farkon wasa don kada a lura da shi. Abin da ake buƙata biyu ne. Na farko, ku sa idon kowa ya tattaru a ƙofa, Jason ya dake ta da gaske, a ba shi lokaci. Na biyu, muryar Mediya ta riga ganinta zuwa, daga inda ba a zata ba, kuma duk tsawon zancensu Jason kansa a ɗage yake, hannunsa ba ya kai wa.

Injiniya Bala: Kuma don Allah kada wanda ya ɗaura wa 'yar mutane igiya ya ja ta sama, wannan aikin ƙwararru ne masu kayan tsaro. Dandamalin ya kasance da makari ta baya da gefe, a gwada shi da nauyin da ya fi nata, matakalar hawa ta kasance a ɓoye amma da ɗan haske a kanta. A nan ne kaɗai zan ba ta makirfo, da lasifika guda a saman tare da ita, sauran 'yan wasa su yi da bakinsu. In akwai fitila ɗaya mai ƙarfi ku ajiye ta a bayanta, kada ku kunna sai ta fara magana. In kun sa rana ku faɗa a nan, zan turo muku zanen yadda za a ja wayoyin.